Ɗigon Malam Na-Ganka

A duk tarihin makarantar ba a taɓa yin mutumin da ya iya kama mai laifi kamar Malam Na-Ganka ba. Shekara ashirin da shida yana sa ido a ɗakin jarrabawa, kuma a lissafinsa bai taɓa zargin wani a banza ba. Waɗanda aka caje ba a sami komai a jikinsu ba, a wurinsa ƙwarewarsu ce ta yi yawa.

Ɗalibai ne suka raɗa masa sunan, don kalmar da ta fi yawa a bakinsa ke nan. Yakan maƙala zare a bakin durowarsa kafin ya tashi daga aiki. A gida matarsa ta ce ko tukunya ya wuce sai ya haddace yadda murfin yake zaune. Da gwiwa ta fara hana shi zagaye tsakanin tebura, shugabar makaranta ta danƙa masa buga tambayoyin jarrabawar ƙarshen shekara, ta haɗa masa da laftof. Ta san ko matarsa ba za ta ji tambaya ɗaya daga bakinsa ba.

Ya taɓa jin cewa masu gyara suna cire kayan ciki masu kyau su sa tsofaffi. Don haka ranar Asabar ta farko ya kwance bayan laftof ɗin, ya ari jan farcen matarsa, ya ɗiga wa kowane abu da ke ciki alama a wurin da ɓarawo ba zai lura ba. Ya mayar, ya ɗaure, hankalinsa ya kwanta.

Bayan kwana biyu laftof ta fara tsiya. Yana cikin bugu sai fuskarta ta yi shuɗi, wani farin rubutu ya fito, ta mutu ta sake tashi kamar ba ita ba. Ba ta da lokaci. Wani sa'in a tsakiyar tambayoyin Tarihi, wani sa'in ba wanda ya taɓa ta ma.

Malam ya buɗe sabon littafi, yana rubuta wanda ke ɗakin duk sanda abin ya faru. Cikin mutuwa goma sha ɗaya, bakwai a gaban Malamin Lissafi aka yi su. Ofishinsu ɗaya, teburinsu na kallon juna, shekara ashirin suna cin abincin rana a kwano ɗaya, amma Malam bai ɗauki wannan a matsayin bayani ba. Abin da ya ɗauka shi ne ɗiyar Malamin Lissafi tana cikin masu zana jarrabawar bana, kuma uban ya taɓa cewa a ara masa laftof ɗin ya yi cajin wayarsa.

Ya rubuta takardar ƙara shafi biyu, da hannu, ya ninke ya sa a aljihun gaba. Shaidar mai gyara kawai ta rage, Litinin zai miƙa wa shugaba. Da yake gwiwa ba ta barinsa tafiya mai nisa, Malamin Lissafi ne ya goya shi a babur zuwa shagon.

Shagon ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin matakala, tebur ɗaya, fanka ɗaya, gawarwakin kwamfuta jere a kan kanta. Mai shagon mace ce, kowa Injiniya yake ce mata. Malamin Lissafi ya zauna a benci a waje yana fifita da hula.

Malam ya rage murya. “Injiniya, an sa wa na'urar nan hannu. So nake ki gano abin da aka dasa, ki rubuta mini a takarda, ki sa hannu.”

“Baba, me take yi?”

Ya faɗa mata, ya miƙa mata littafin. Ta duba shafi ɗaya ta mayar masa.

“Tana zafi?”

“A'a.”

“To ram nake zargi.”

“Waye shi?”

“Ba mutum ba ne, Baba. Wani ɗan allo ne a ciki, a kansa take riƙe aikin da kake yi. In ya sami matsala sai ta rikice ta faɗi, ba ruwanta da wanda ke ɗakin.”

Malam bai ji daɗin wannan zance ba. Haka masu rufa wa juna asiri suke fara magana.

Ta soka filas, ɗan abin ajiyar bayanai, a jikin laftof ɗin, ta kunna wani gwaji. Lambobi suka yi ta gudu, can sai jajayen layuka suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Ta kashe, ta ɗauki sukurdireba. Malam ya matso har numfashinsa na taɓa hannunta.

“Baba, ɗan ja baya, ka tare mini haske.”

“Ina nan dai.”

Da ta buɗe, allunan ram ɗin biyu ne. Ta zare ɗaya ta ajiye, ta sake gwajin da ɗayan. Kusan awa guda ba jan layi ko ɗaya. Malam bai zauna ba, idonsa na kan wanda aka ajiye. Malamin Lissafi ya leƙo ya miƙa masa ruwa mai sanyi.

“Mutumina, zauna mana. Ba ɗakin jarrabawa ba ne.”

Malam ya karɓa, ya duba ko an taɓa murfin, sannan ya sha.

Ta musanya allunan a rami ɗaya. Ba a yi minti biyar ba ja ya cika fuskar. Ta zare allon, ta kai shi ƙarƙashin fitila, ta juya shi.

“Wa ya buɗe ta kafin ni?”

“Abin da na zo ji ke nan.”

“Ka ga haƙoran nan masu ruwan zinariya? Ta nan yake magana da sauran na'urar. Wani ya ɗiga abu a gindinsu, ya gangara ya shafi biyu. Wani lokaci su taɓa, wani lokaci su ƙi.” Ta kankara da farce, ta shinshina. “Jan farce ne. Akwai shi a kan batir ma, da fanka. Wanda ya yi wannan yana da lokaci.”

Malam ya daɗe yana kallon ɗigon. Ya yi kyau, daidai inda ɓarawo ba zai lura ba.

Ta goge haƙoran da auduga da wani ruwa mai wari, ta mayar, ta sake gwaji. Bai kawo ja ba.

“In rubuta takardar, Baba?”

“Bar shi. Ba sai an wahalar da ke ba.”

A waje Malamin Lissafi ya tayar da babur. “An gano mai laifin?”

“Ana kan bincike.”

“Allah ya tona asirinsa.”

Malam bai ce amin ba. Ya hau baya, ya rungume laftof a ƙirji, a kan aljihun da takardar take. A hanya ya fara tunanin irin jan farcen da ake sayarwa yanzu, mai ruwa-ruwa, wanda ba ya tsayawa inda aka sa shi, da kuma dalilin da zai sa matarsa ta zaɓi irin wannan.

Ranar Litinin bai je ofishin shugaba ba. Ya buɗe littafinsa don ya rufe shari'ar, ya sake bin sunayen da biro. Mutum ɗaya ne yake ɗakin a duka goma sha ɗayan, kuma shi bai rubuta sunansa ba.