Inci Biyun Baba Tela

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki wurin Baba Tela ya san halinsa: in ya auna ka, sai ya ƙara inci biyu kafin ya rubuta. Ka yi magana, ka rantse kai ka gama girma tun tuni, shi ko a jikinsa. "Mutum ba ya gama girma," in ji shi, "in bai yi sama ba, zai yi gefe." Shekara arba'in yana haka a ɗan shagon da ke jikin gidansa, har abin ya bi jikinsa. Ido ya ga talatin, hannu ya rubuta talatin da biyu, shi kansa bai san ya yi ba.

Yanzu ɗinkin ya ja baya, sai sauya zif da rage ƙafar wando. Matarsa ta rasu shekara biyar ke nan. 'Ya'yansa mata uku kowacce na garin mijinta. Auta, shi kaɗai ne namiji, aikin jinya ya kai shi wata ƙasa mai nisa. Gidan da a da sai ka ɗaga murya kafin a ji ka, yanzu in cokali ya faɗi a kicin har shago ake jin ƙararsa. Kaɗaici na cin Baba Tela, amma ko da wasa bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Auta na kira, kada a ɗauki alhakinsa. Amma wane irin kira? "Baba, ina wuni? Ya shago?" "Lafiya lau. Ya aiki?" "Lafiya." Shi ke nan, sai kowa ya tsaya yana sauraron numfashin ɗan'uwansa har minti biyu su cika. Haka Allah ya yi su, uba da ɗa, baki nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Marigayiya ce take haɗa su hira, da ta tafi kuwa sai hirar ta bi ta.

Zuwan Auta gida na ƙarshe, shekara biyu da suka wuce, ya bar wa Baba tsohuwar kwamfutarsa. Ya kafa ta a ɗakin da ya taso, ya haɗa mata sitiyari da abin saƙalawa a kunne, ya koya masa wani wasa. Ba harbi a ciki, ba faɗa. Tirela kawai za ka ɗauka, a loda maka kaya, ka kama doguwar hanya tare da mutane daga ko'ina a duniya. In ka gaji ka faka a gefen titi, motarka na nan inda ka bar ta har ranar da ka dawo.

Baba Tela ya ce, "Ni da ko keke sai na ɗinki? Raba ni da shirme."

To, shirmen nan shi ya zama Asabar ɗinsa. Ƙarfe huɗu na yamma zai rufe shago, ya wanke fuska, ya zauna. Auta a gaba cikin shuɗiyar tirela, shi a baya yana tafiyar hawainiya, sauran direbobi na wuce su suna danna hon. Ga abin mamakin: yaron da ba ya iya minti uku a waya, in ya kama sitiyari sai bakinsa ya buɗe. A hanyar nan Baba ya ji cewa matar Auta na da ciki. A hanyar nan ya ji ranar da wani tsoho ya rasu a hannun Auta, yaron ya shige ɗakin ajiyar magani ya sha kuka. Shi ma Baba, wata rana a wata doguwar gada, ya samu kansa yana cewa har yanzu kofi biyu yake ɗaukowa da safe. Da fuska da fuska ne, ko za a yanka su ba za su faɗa ba.

Hoton dai ba wani na kirki ba ne. Itatuwa kamar an yayyaga koren yadi an watsar, a bayan motar Auta kuma akwai wani fari-fari da Baba ya ɗauka laka ce. Bai damu ba. Muryar yake so.

Wata Asabar suna hawan wani tudu, saura kaɗan su kai garin da za su sauke kaya, sai allon ya yi zane-zane, wani ƙauri ya tashi kamar an manta dutsen guga a kan riga, komai ya ɗauke.

Baba ya kinkimi akwatin kwamfutar zuwa wurin mai gyara, wanda duk layin ke kira Injiniya. Mako guda aka yi, aka sauya abin da ke raba mata wuta, ta tashi. Baba ya dawo da ita gida yana murna, ya kunna wasan, wasan ya ce bai san zancen ba. Ya koma shagon Injiniya hannu rabbana, don bayansa ba zai sake ɗaukar wannan kaya ba.

Injiniya ya ce, "Ai Baba, katin hoto ne ya tafi. Shi ke zana duk abin da kake gani a wasan. Sai an sayo wani." Ya nuna masa guda uku a waya: ƙarami irin na da, matsakaici, da wani ƙato mai fanka uku. "Amma kafin ka zaɓa, ka auno min tsawon wurin da zai zauna. Ka auna daidai fa, Baba."

"Kai, ɗan nan! Ni za ka koya wa awo? Ina riƙe da tef tun ba a haifi babanka ba."

Ya je ya buɗe akwatin, ya shimfiɗa tef, ido ya ga sha ɗaya. Hannu kuwa, da yake ba a shawara da shi, ya rubuta sha uku.

"Sha uku? Ai duka ukun za su shiga," in ji Injiniya. "Ni dai matsakaicin zan ba ka shawara, ya ishe ka."

Baba Tela ya daɗe yana kallon wayar. Ya tuna ranar da Auta ya ce, "Baba, da katinka mai kyau ne, da ka ga yadda ruwa ke gangarowa a gilashi." Ya tuna kuma abin da ke ransa tun ranar da allon ya mutu: yaro mai aiki, mai mata, ga haihuwa na tafe, har yaushe zai ci gaba da jan ƙafa saboda tsoho? In Asabar ta saba zuwa babu shi, wani abu zai cike gurbin. Ya ɗora yatsa a kan mai fanka uku.

Kusan mako uku aka yi ana jiran kati. Auta ya kira sau biyu. "Baba, ya kwamfutar?" "Ana kai." "To." Sai numfashi. Baba ya so ya tambaye shi ko yana tuƙi da wasu, sai ya ɓuge da yi masa sallama. Ranar Asabar ƙarfe huɗu sai ya rufe shago kamar kullum, ya rasa inda zai sa kansa, ya ɗauko wandon da ya riga ya gama ya sake duba ɗinkinsa.

Safiyar Asabar ta huɗu Injiniya ya zo gidan da kansa, kati a hannu. Ya tura, ya karkata, ya sake turawa. Ina! Wutsiyar katin ta tokare wani ƙarfe a gaban akwatin. Ya ɗauko takardar Baba, ya ɗora rularsa ta ƙarfe, sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Baba, inci biyu cif! Ai ƙarfe ba ya ƙiba!"

Kunya ta rufe Baba Tela. Shekara arba'in ba wanda ya taɓa dawo masa da riga don ta matse, yau ga shi hannunsa ya ci amanarsa.

"Sai dai a mayar a kawo matsakaicin," in ji Injiniya, yana share hawayen dariya. "Mako biyu."

Mako biyu! Baba ya gyara tabarau, ya leƙa cikin akwatin. "Wannan ƙarfen da ya tokare, me yake riƙewa?"

"Ba komai, wurin ajiya ne da ba ka amfani da shi."

"To mu a wurinmu abin da ya matse farke shi ake yi." Ya zaro alli daga aljihu, ya ja layi miƙaƙƙe. "Yanka nan. In ta lalace ni na sa ka."

Injiniya ya yi ta gunaguni, amma ya kwashe kayan ciki, ya sa zarto. Kati ya zauna daram. Baba ya tura wa Auta saƙo: "An gyara." Har azahar ta wuce saƙon na nan ba a buɗe ba.

Ƙarfe huɗu ya zauna, ya saƙala abin kunne. Kai, ashe haka duniyar nan take! Ganye ɗaya-ɗaya a jikin itace, tsakuwa a gefen titi, har inuwar gajimare na tafiya a kan gona. Amma sunan Auta a gefen allo a dushe yake, alamar ba ya nan. Duk wannan kyau, wa zai nuna wa?

Motarsa na tsakiyar tudun nan inda ta mutu. Ya tayar da ita, ya haura a hankali. Yana kaiwa saman tudun sai ga shuɗiyar tirela a fake a gefen titi, kayanta na nan a ɗaure. Ga garin can ƙasa ana hango shi, tafiyar minti biyar. Mako huɗu, Auta bai ƙarasa ba.

Baba ya matso bayanta. Farin nan da ya shekara biyu yana bi yana ɗauka laka ce, ashe rubutu ne, manyan baƙaƙe tsaf:

A YI HAƘURI A WUCE, BABANA NA BAYA.

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake karantawa. Wata tirela ta zo ta wuce, ba ta danna hon ba.

Ya faka a bayan ɗansa, ya bar ɗan sarari a tsakani kamar yadda ya saba, ya haska fitila sau biyu. Sunan na nan a dushe.

"Auta," ya ce, "na iso."

Ba amsa, sai ƙarar fankoki uku a ɗakin. Can wani ya fara buga ƙofar shago yana sallama, mai wando ne ya zo karɓa. Baba Tela na jinsa. Bai tashi ba, bai kuma kashe motar ba.