Bindigar da Hajiyata ta ƙi kwana da ita

Shekarun baya, ina zaune a Gaithersburg, wata cuta ta kama ni: tara tsofaffin bindigogin yaƙin basasar Amurka, irin waɗanda manoma ke tonowa a gonakin da aka gwabza. Matata kan ce wasu mazan suna tara filaye a Kano, nata mijin tsatsa yake tarawa.

Wadda na fi ji da ita doguwa ce, an haƙo ta a wata gona a Virginia, rabin katakonta ya ruɓe. Na rataye ta a ɗakin baƙi.

A ɗakin na sauke mahaifiyata, zuwanta na farko bayan na daɗe ina roƙo. Washegari da la'asar ta kira ni.

"Ɗan nan, ba ka jin warin albarushi?"

Na shaƙa, ban ji komai ba sai turarenta. Na ce, "Hajiya, wannan ta girmi kakanki. Ko ɓera ba za ta iya kashewa ba."

"A gidanmu na maharba ba a shigo da bindigar mamaci sai an sauke ta, an fitar da ɗurin da ke cikinta. An sauke wannan?"

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta jawo akwatinta ta ce ko bindigar ta fita, ko in canza mata tikiti ta koma gida. Kuma na san Hajiya, ba ta magana biyu.

Don a zauna lafiya na kai bindigar wurin abokina, wani dattijon Bature da ya ƙware a gyaran irinsu. Ya zura sandar ƙarfe ta bakinta don ya auna. Sandar ta tsaya tun da sauran tafiya. Ya sake zurawa, ya dube ni, sannan a hankali ya juya bakin bindigar ya kalli bango.

Ya wuni yana jiƙa ta yana zaƙulowa. Dalmar harsashi ta fito, albarushi ya biyo, wata dalmar ta sake fitowa. Ɗuri a kan ɗuri, har tsakiyar bututun. Warin da ya cika shagon kuwa, wallahi tsikar jikina sai da ta tashi.

Ya ce min akan samu irin haka. Sojan ya yi ta ɗurawa a tsakiyar yaƙi, bai harba ko ɗaya ba. Ko tsoro ne, ko ba ya son kashe mutum, ba wanda ya sani.

Na kawo wa Hajiya dalmomin a tafin hannuna, kunya kamar in nutse. Ta daɗe tana kallonsu.

"Allah sarki, ɗan wata ne," ta ce. "Ya ƙi harbin ɗan kowa har ya faɗi, kai kuma ka ɗauko ta ka saita kan uwarka."

Na leƙa ɗakin. Inda ƙusoshin da na rataye bindigar suke, bakinta daidai matashin kan Hajiya yake kallo.

Ta naɗe dalmomin a farin ƙyalle, ta sa na tona rami a filin bayan gidan muka binne. Ta yi wata uku a ɗakin, ba ta ƙara maganar wari ba.

Na rabu da tarin bindigogin gaba ɗaya. Abokina ya rantse albarushin ya riga ya mutu, ba zai taɓa tashi ba, kuma na yarda da shi. Abin da har yau na kasa ganewa shi ne, ta yaya Hajiya ta ji warinsa?