Abin da Liyafar Sallah Ta Ci a Gidanmu

Jiya maƙwabciyata ta hura wuta a tsakar gidanta, hayaƙin ya tsallako katanga ya same ni ina shanya. Na daɗe tsaye da jiƙaƙƙen zane a hannu. Hayaƙin ɗanyen itace ne, irin wanda ke cika gidanmu na Rawayau duk washegarin ƙaramar Sallah.

Kakanmu ne ya kafa al'adar. Ranar Sallah kowa na gidansa, amma washegari dangi kaf, na Kurfi da na Karofi da na Dutsin-Ma, a gidanmu suke cin abincin rana. Da ya rasu, sai abin ya faɗo kan Baba, don shi ne babban ɗa. Shekarata goma sha ɗaya a lokacin.

Damina ba ta yi kyau ba a shekarar. Inna kuma tana da ciki wata biyar, ga azumi ya zo cikin tsakiyar bazara, ta kuwa yi shi duka. Saura mako guda Sallah, na ji ta ce da Baba, "Malam, da bana an taƙaita. Jikin nan ba ya mini daɗi."

Ya ce, "Sallar farko ba tsoho? Sai a ce da shi muka binne zumunci."

Ranar kasuwar Kurfi ya fita da buhun wake biyu da tunkiyar Inna, ya dawo da shinkafa da fulawa da man gyaɗa da sukari. Da ka tambaye ni abin da liyafar ta ci, a wancan lokacin waɗannan zan ambata maka.

Kwana uku muna aiki, ni da ita. Kaka, mahaifiyar Baba, ƙafa ta hana ta tashi, sai dai ta zauna a tabarma tana tsintar shinkafa. Maƙwabta kowa na fama da nasa. Inna ta yi daka, ta yi ƙullun waina, ta soya cincin, ta ja ruwa a rijiya har tulunan gidan suka cika. Ina tuna yadda zufa ke bin wuyanta, da yadda take dafa ƙugu in za ta miƙe. Gwaggo, ƙanwar Baba, ba ta iso ba sai da hantsi a ranar, hannunta sharkaf da sabon lalle.

Bayan azahar zaure ya cika da maza, tsakar gida da mata da yara. Muka kama babbar tukunyar shinkafa za mu sauke, ni gefe, Inna gefe. Muna direwa ta tsaya, ta dafa bango. Na ga jini yana gangarowa ta diddigenta, yana shiga ƙasa.

Ta ce, "Zuba ki kai wa maza tukuna."

Na zuba, na kai. Inna ta shiga ɗaki, Kaka ta ja jiki ta bi ta. Gwaggo ta kama hannuna ta ce kada in faɗa wa Baba sai baƙi sun gama ci. Ban faɗa ba. Na raba waina, na raba zoɓo, na karɓi barka da Sallah daga hannun baffannina. Ni ma na zauna na ci. Abincin ya yi daɗi, wannan ba zan ɓoye maka ba.

Kafin la'asar Inna ta yi ɓari. Namiji ne. Aka naɗe shi a farin ƙyalle, Baba da ƙaninsa suka zagaya bayan gida da fartanya. Yawancin baƙin ba su san an yi ba. Suka tafi suna sa albarka, wani dattijo yana cewa ko zamanin marigayi ba a yi girki kamar na bana ba. Baba ya raka su bakin hanya yana amsawa. Ni kuwa na wanke kwanuka. Na jira kuka ya zo, bai zo ba.

Da shekara ta zagayo aka sake yi, Inna ce ta sake girkawa. Haka aka ci gaba har na yi aure. Abin bai tsaya don wani ya hana ba. Hanya ce ta daina aminci, dangi suka watsu, gaisuwar Sallah ta koma ta waya.

Yanzu iyayena suna Dutsin-Ma, a gidan ƙanina. Ƙawayena kan yi kukan tsadar tara mutane a gida, ni dai sai in saurara. Ban taɓa tara kowa ba, ban kuma taɓa faɗa wa maigidana dalili ba.

Sallar bara na je gaishe su. Baba ya tsufa, yana kishingiɗe yana ba jikoki labarin yadda gidanmu ke cika, yadda ake ci har a bar saura. Inna na gefe tana ɓare gyaɗa. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Da yanzu shi ma ya yi iyali."

Baba ya juyo ya ce, "Wa?"

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Na dube su su biyun, na tashi na ɗora ruwan shayi.