Gurbin da muka bari a tsakiya

Shekarun baya, lokacin da waƙar wasu 'yan matan Koriya ta shigo unguwarmu ta Aubervilliers, a gefen Paris, ta wayoyin 'yan lise, wato 'yan sakandare, mu biyar ne ciwon ya kama. Mawaƙan su biyar, mu ma biyar, sai muka ɗauka wata alama ce. Ko kalma ɗaya ba ma ji. Ni da nake taƙamar na cinye rabin littattafan ɗakin karatun unguwa, sai ga ni ina rera abin da wataƙila jerin kayan miya ne.

Ga wanda bai san harkar ba, ba sauraro kawai ake yi ba. Kowace yarinya tana ɗaukar mawaƙiya guda, ta koyi takunta, ta tsaya inda take tsayawa a jeri. Ƙawata ta ɗauki ta tsakiya, ba wadda ta yi musu, don ita ko jirgin metro za ta shiga sai ka rantse da kiɗa take tafiya. Ni aka ba ni ta gefen hagu, wadda mai ɗaukar hoto ke yawan mantawa da ita.

"Malama, ke dai kar ki faɗi. Aikinki ke nan," in ji ta.

Kawuna yana da magaza, wato babban shago, ta sarin jakunkuna da takalma. Ran Lahadi ba ciniki, sai ya miƙo mana mabuɗi yana cewa, "Ku yi tsallenku, amma wadda ta taɓa mini kwali, har Maradi zan kai ƙararta." A tsakanin kwalayen nan muka girma tare da mawaƙan. Muka ga sun tashi daga ƙananan dandali zuwa filayen da ba a hango ƙarshensu, muna ta murna kamar da guminmu a ciki.

Sai mahaifin ƙawata ya samu aiki a wata masana'anta a Saint-Fons, kusa da Lyon, suka kwashe suka koma can.

Akwai wata al'ada ta mawaƙan nan da ta zauna mana a rai. In ɗaya ba ta da lafiya, sauran ba sa matsowa su rufe wurinta. Haka za su yi rawar da gurbi a jeri, kowa ya san ana jiranta. Mu ma haka muka yi. Babbarmu ta so ta kawo 'yar ƙanwar babarta, na ce sam. Na yi dogon jawabi a kan amana, har da misalai daga tarihi. Suka gaji suka bar ni. Muka yi wata da watanni muna kewaya fili, muna miƙa wa iska hannu.

Da gasar masu kwaikwayon rawa ta matso a Paris, aka ce tunda ni ce mai baki, in je Lyon in roƙi mahaifiyar ƙawata ta ba mu aronta. Ban gaya wa ƙawata zan zo ba. Na so in ga fuskarta.

Hajiya, mahaifiyarta, ta tarbe ni da gaisuwar da ta bi gidanmu ɗaki ɗaki, har ta kai kan ciwon ƙafar kakata. Sannan ta ce, "Ƙawar taki tana ƙasa, wajen tsalle-tsallen nasu. Ke ma har yanzu ba ki warke ba?"

Tun daga matakala na ji waƙar. Na tura ƙofar wani ɗaki a ƙasan benen, sai ga 'yan mata biyar cif, 'ya'yan Chadi da na Kamaru, ƙawata a tsakiya. A gefen hagu wata doguwa ce 'yar Garwa. A ranar na fara ganin yadda ya kamata takuna ya kasance tun farko.

Ƙawata ta yi ihu ta rungume ni har muka kusa faɗuwa. Ta ce da su, "Ga Malamar da nake ba ku labari!" Na jira aka lafa, na ja ta gefe.

"Mun bar miki wurinki fa."

"Wane wuri?"

"Tsakiya. Ba mu sa kowa ba."

"Har yanzu? Ku huɗu kuke yi?" Ta fara dariya, ta dubi fuskata, dariyar ta tsaya. "Haba 'yar'uwa. Ku kuna da juna. Ni da na zo nan ban san kowa ba, sai hayaƙin masana'anta. Da wa zan bar gurbi? Ni kaɗai ce jerin."

Na ce ai gaskiya ne. Ta ce su ma suna da tasu gasar a Lyon, ba za ta bar yaran ba. Na ce ai bai kamata ta bar su ba. Doguwar nan, Allah ya saka mata, ta ja baya ta ce, "Tanti, zo ki yi ɗaya." Da shekara biyu na girme ta, ga shi ta mai da ni goggo, amma na karɓi tantin da wurin duka. Muka yi waƙa ɗaya. Ban faɗi ba.

Da na koma Paris na ba da labari ba tare da jawabi ba. Kafin in rufe baki babbarmu ta kira 'yar'uwarta a waya. Yarinyar ta iya, ba ƙarya. Muka yi gasar mu biyar, aka tafa mana daidai gwargwado.

Ban riƙe ƙawata a zuci ba, ita ce da gaskiya. Na dai fahimci cewa jira ma wani jin daɗi ne, kuma sai mai abokan zama yake samun sararin yin sa. Har yau muna gaisawa da Sallah, ta turo hoton 'ya'yanta, in yaba girmansu.

Yanzu ina koyarwa, kuma ƙungiyoyin da suka biyo baya duk a kan sawun waɗancan biyar suke. Ɗalibaina suna kiran waƙar tamu tsohon yayi, amma suna yin ta a farfajiya. Kwanaki wata ta ce, "Madam, an ce kin iya. Wacce ce ke?" Na ce ta hagu. Ta ce dama ta hagu suke nema.

Na ƙi, na ɗora wa gwiwa laifi. Gaskiyar ita ce, takun hagu duk ana yin sa ne ana duban ta tsakiya, ni kuwa na san wadda idona zai nema.