Layin Alli a Kan Farfela

Shekara talatin da ɗaya Mai Alli ya yi yana kwanciya a ƙarƙashin manyan a-kori-kura yana gyara, har gashin ƙeyarsa ya ƙare. Sunan ya samo asali ne daga ɗabi'arsa: ba ya raba farfelar mota, sandar ƙarfen da ke juya tayoyin baya, gida biyu sai ya ja mata layi a mahaɗa da wani allin maiƙo da ruwa ba ya wankewa, don kowane haƙori ya koma mazauninsa. Ba ya fara'a, ba ya lallashi, kuma shi da ƙaninsa, direban motar bulo, ba sa ga-maciji tun suna yara.

Ran nan da hantsi ƙanin ya shigo gareji, mota na karkarwa kamar mai zazzaɓi. Direbobi huɗu na kan benci suna jiran layi.

"Yaya, boris ɗin tsakiya da ka sa mini ko wata bai yi ba ya mutu," in ji shi, da ƙarfi don kowa ya ji. "Ku da ke jira, ku kwashe motocinku. Tsufa ya ci idonsa, jabu yake ɗaura wa mutane."

Wani direba ya miƙe yana kaɗa makulli. Mai Alli ya san in wannan ya fita, kafin la'asar babu direban da bai ji ba, bencin kuma ya bushe ke nan.

Ya shige ƙarƙashin motar. Robar boris ɗin da ke riƙe farfela a tsakiya ta yage, giris ya ƙone. Layin allinsa kuwa ya rabu, rabi na kallon ƙasa, rabi ya karkace gefe.

"Sauko nan."

"Da fararen kayana?"

"Sauko, ko in jawo ka ta ƙafa."

Ƙanin ya durƙusa yana tsaki.

"Wa ya buɗe farfelar nan a bayana?"

"Babu kowa."

"To aljanu ne suka ƙara maka sifirin uku don ka lafta bulo? Kun ɗaga mota, farfela ta sunkuya, ba ku sauke boris ya bi ta ba, kuka mayar da haƙora a karkace. Ko boris na zinare ne sai ya mutu. Shashasha."

Mai makulli ya leƙa, ya ɗan jima. "Gaskiya layi bai haɗu ba," ya ce, ya koma benci ya zauna. Sauran suka kwashe da dariya.

Ƙanin ya karkaɗe gwiwa, murya ta yi ƙasa. "To ka gyara mini mana, Yaya."

"Mai jabu? Koma wurin gwaninka."

"Sai na gaya wa Inna."

"Ka gaishe ta. Ka ce mata har yau ba ka iya ƙarya ba."

Ya saƙale allin a bayan kunne, ya dubi benci. "Wa ke kan layi? Kai kuma janye mini akwalar nan, ta tare ƙofa."