Jinin Maigidana a Gidan Likita na Tasawa

Shekarar da ƙwari suka faɗa wa gujiya a Baudeta, maigidana yana cikin waɗanda aka ɗauka aikin feshi. Da safe ya goya tankin magani a baya, da la'asar ya dawo rigarsa jiƙe, tana wani wari mai kama da tafarnuwa. Ni nake wanke ta.

Wata rana ya dawo tun kafin azahar, yana tangaɗi. Gumi na zuba, miyau na dalala, ya ce duhu-duhu yake gani. Na leƙa idonsa, baƙin tsakiyar ya tsuke kamar ƙwayar gero. Inna, uwarsa, ba ta tsaya tambaya ba. Akwai maƙwabcinmu da suka yi sa-in-sa da maigidana a kan iyakar gona, kuma an ga ya miƙa masa goro a bakin masallaci.

"Sammu ne," in ji ta. "Na san hannun da ya yi."

Ni ma zuciyata ta karkata can, don mutumin bai taɓa ba kowa goro ba.

A amalanke muka kai shi Tasawa. Likitan ya sunsuna rigar, ya sa aka tuɓe ta aka wanke masa jiki da sabulu, ya yi masa allura. Sannan ya fito da wani ƙaramin akwati mai kwalabe sirara, ya huda masa yatsa ya ɗebi jini. Inna ta matso.

"Ina za ka kai shi?"

A lokacin ana ta raɗe-raɗin cewa jinin da ake ɗiba a gidan likita, waje ake fita da shi. Likitan ya ce babu inda za shi, nan gabanta za a auna. Ya huda nasa yatsan, ya ɗiga a wata kwalba dabam. Wannan ya ƙara tayar wa Inna hankali. Ta raɗa mini cewa mai haɗa jininsa da na mutane ba don Allah yake yi ba.

Ya zuba wani ruwa a duka biyun, muka zauna jira. Launin tasa kwalbar ya juya, na maigidana kuwa da ƙyar ya motsa. Ya ce akwai wani abu a jinin kowa da maganin ƙwari ke cinyewa, gwargwadon abin da ya rage ake sanin nisan da gubar ta yi. Na maigidana saura kaɗan. Sai an kwantar da shi.

"Wa ke wanke masa kaya?"

Na ce ni ce. Ya karɓi yatsana. Nawa ma ya ragu, amma bai kai a kwantar da ni ba. Sai a lokacin na tuna ciwon kan da na yi ta fama da shi, ina ɗora wa rana laifi.

Inna ta dube ni ta ce, "Ke ma kin ci goron ke nan?"

Da maigidana ya samu sauƙi, aka sake aunawa, aka hana shi feshi sai jinin ya dawo daidai. Shugaban masu feshi ya zo har gida, ya ce likitan ne bai san aikinsa ba, maganin ba ya taɓa mutum. Na lura a tsaye ya yi maganar, kuma bai yarda ya kusanci tankin da ke jingine a zaure ba.

Maigidana bai koma aikin ba. Inna kuwa har ta rasu ba ta sake amsa gaisuwar maƙwabcin nan ba, ba ta kuma yarda kowa ya huda mata yatsa ba.