Ƙibar Jego

Da na yi haihuwar fari, daga Karaye aka kai ni gidanmu na Falgore wanka, aka damƙa ni a hannun gwaggona, ƙanwar babanmu, ungozomar unguwa. A shekarun ne aka tara ungozomomi a Rogo aka yi musu bita, aka ba kowacce akwatin ƙarfe mai almakashi da sabulu da auduga. Gwaggo ta kulle nata ta ɗora a saman jeren kwanuka kada ya yi datti. Amma tun daga ranar ba a gardamar lafiya da ita.

Safe da yamma tana tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa tana fyaɗa mini. Ba zan ci haƙƙinta ba, ciwon jiki kam yana tafiya. Daga nan sai kunun kanwa, ƙwarya guda, kanwar har ɗaure harshe take, sannan in hau gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashi.

Sai na fara cika. Takalmi ya ƙi shiga, zobe ya nutse a yatsa. Mata masu zuwa barka suna ta cewa, "Tubarkalla, jego ya karɓe ta!" Gwaggo sai ta sunkuyar da kai, wai ita ba ta son yabo. A wajenta magana ɗaya ce: in koma Karaye dangin miji su ga ba a yi mini rowa ba.

Ni kuwa sujada ta fara gagarata. In na kai goshi ƙasa sai numfashi ya tsaya a maƙogwaro, har na koma sallah a zaune. Da na gaya mata ta ce sanyi ne ya shige ni, ta ƙara kanwa.

Rigakafin jaririya ne ya kai mu asibitin Rogo, ni da Gwaggo. Malamar asibitin, wadda ake jin faɗanta tun daga bakin titi, ta dube ni ta ajiye allura. Ta danna babban yatsa a ƙaurina, ta ɗaga, ramin ya zauna.

"Iya, mene ne wannan?"

"Ƙiba ce, 'yar nan. Hannuna ne."

"Ruwa ne! Kanwarku ce ke tara mata shi, zuciyarta ta gaji."

"Yo ke da kika haihu lemon kwalba aka ba ki?"

"Kunun na sha, Iya, amma ba a jiƙa ni a ciki ba."

"Ni fa har akwati hukuma ta ba ni."

"To ki sa kanwar a ciki ki kulle."

Ranar aka kira maigidana, aka wuce da ni babban asibiti a Kano. Suka hana ni kanwa da gishiri, suka ba ni ƙwayoyin da suka sa na haddace hanyar banɗaki. Gwaggo tana zaune a gefen gado tana kallon aikinta yana zubewa, tana share hawaye da bakin mayafi. Na san har da tsoron rasa ni a kukan, Allah Ya jiƙanta, amma ba shi kaɗai ba ne.

Ran da na iya kai goshina ƙasa na daɗe ban ɗago ba.

Aka sallame ni kamar sillen kara, aka mai da ni Karaye. Uwar mijina ta tarye mu a zaure, ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi Gwaggo.

"Ikon Allah. Fari aka yi a Falgore bana?"

Gwaggo ta gyara mayafi. "Ki tambayi kowa, Hajiya. Ƙofa ba ta ɗaukarta kafin likitoci su tsiyaye mini ita."

"Ayya, sun cuce ki."

Suka shige ciki suna yi wa juna jaje, ni ina biye da goyona, ina numfashi son raina.